Badujalar Grimethorpe da Bembeya Jazz: Wa Ya Sayi Kayan Kiɗan?

A watan Maris na 1984 abubuwa biyu suka faru a ƙasashen da ba abin da ya haɗa su. A arewacin Ingila masu haƙar kwal suka ajiye aiki, suka shiga yajin da ya ci shekara guda cur, ya kuma ƙare da karyewar ƙungiyarsu ta ƙwadago. A ranar 26 ga watan kuma Ahmad Seku Ture, wanda ya mulki Gini tun ranar da ta sami 'yancin kai, ya rasu a wani asibiti a birnin Cleveland na Amurka, inda aka garzaya da shi saboda ciwon zuciya. Kowane ɗaya cikin waɗannan al'amura ya girgiza wata ƙungiyar makaɗa har saiwa. Ta farko ita ce badujalar mahaƙar kwal ta ƙauyen Grimethorpe. Ta biyu ita ce Bembeya Jazz, wadda ta tashi a garin Beyla. Duka biyun a ƙaramin gari aka haife su, duka biyun sun yi sunan da ya fi na garin nasu, duka biyun kuma sun wayi gari inuwar da suke zaune a ƙarƙashinta ta gushe. Abin da ya same su bayan haka ya bambanta ƙwarai, kuma a ganina bambancin ya samo asali tun daga ranar da aka sayo kayan kiɗan farko, da aljihun da kuɗin suka fito.

Grimethorpe ƙauye ne kusa da Barnsley a kudancin Yorkshire, wanda in ba don kwal ba da ba a san da shi ba. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa badujalar don ma'aikatan mahaƙar su sami abin yi bayan tashi daga aiki. Ba wani sabon abu suka ƙirƙiro ba. Tun tsakiyar ƙarni na 19 irin wannan badujala ta bazu a garuruwan masaƙu da mahaƙai na arewacin Ingila, bayan da maƙera kayan kiɗa irin su Adolphe Sax suka gyara ƙahonin tagulla, suka sa musu maɓallan da ake latsawa da yatsu, masana'antu kuma suka riƙa ƙera su da yawa, da araha, ana sayarwa a biya sannu a hankali. Mutumin da hannunsa ya yi kanta saboda diga da shebur ba zai iya da gogen Turawa ba, amma maɓalli uku ko huɗu ba su gagare shi. Wani mai masaƙa, John Foster, ya kafa ta Black Dyke a 1855, wadda har yau ake ji da ita. Wasu kuma majami'u suka kafa su, wasu ƙungiyoyin masu yaƙi da shan giya. Kuɗin ta Grimethorpe daga wuri biyu suke fitowa: kamfanin mahaƙar yana bayarwa, asusun jin daɗin ma'aikata da su da kansu suka kafa shi ma yana bayarwa. A garuruwan kwal da yawa kuwa al'ada ce a cire 'yan kwabbai daga albashin kowane lebura duk mako, ko yana busa ko ba ya busa, a zuba wa badujalar gari. Shi ya sa mutumin da bai taɓa ɗora ƙaho a leɓensa ba zai ce "badujalarmu", kuma gaskiyarsa ce, da guminsa a ciki.

Yana da kyau a leƙa yadda aka tsara abin, domin a cikin tsarin ne sirrin yake. Cikakkiyar badujala mabusa 25 ce, sai masu ganguna biyu ko uku. Ana zama ne kamar kofaton doki, ƙananan ƙahoni masu siririyar murya a hagun madugu, matsakaita a gabansa, manyan da ake runguma kamar tulu a baya. Takardar kiɗan kusan kowa da ƙa'ida ɗaya ake rubuta ta, latsin yatsun ma iri ɗaya ne a duk ƙahon da ke da maɓalli. Yaro ɗan shekara tara ya zo ɗakin gwaji, a ɗauko masa tsohon ƙaramin ƙaho daga kabad, a ba shi aro ya tafi da shi gida. Wani dattijo ya zaunar da shi a kujerar baya, ya nuna masa yadda ake matse leɓe da yadda ake riƙe numfashi. In ya girma, ƙirjinsa ya buɗe, aka kuma rasa mai busa babban ƙaho, sai a miƙa masa, ya ci gaba da karanta takarda yadda ya saba, yatsunsa ba su da sabon abin koyo. Kayan na ƙungiya ne, takardun na ƙungiya ne, rigunan ma haka. In mutum ya tafi, sai ya bar su a inda ya same su.

Sai kuma gasa, wadda ita ce ta hana abin yin barci. Tun 1853 ake yin babbar gasa a Belle Vue da ke Manchester, kuma har yau ana yin ta ko da yake an sauya mata wuri. An kasa ƙungiyoyi aji-aji kamar na ƙwallon ƙafa, mai ƙoƙari ta hau, mai sanyi ta sauka. Ranar gasa da safe ake jefa ƙuri'a a san wadda za ta fara. Alƙali kuwa a cikin wata rumfa da aka lulluɓe ake shigar da shi tun kafin a soma, ba ya ganin kowa, bai san wace ƙungiya ce a kan dandamali ba sai lambarta. In ya shirya ya busa usur, a fara. Kiɗa guda ne kowace ƙungiya za ta busa, sai ya saurare shi kusan sau 20 a yini ɗaya, yana rubuta inda aka yi tuntuɓe da inda aka burge shi. Ba wanda zai ce an ba wane don ɗan wane ne. Ƙauyen da ba ya cikin taswira yana iya kayar da birni.

Labarin Beyla ta wata ƙofa ya shigo. Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa ƙasashen da Faransa ke mulka su zaɓi zama ƙarƙashin inuwarta ko su kama gabansu, Gini ce kaɗai ta ce a'a. Faransawa suka fice cikin fushi, suka kwashe abin da za su iya kwashewa, suka lalata wani. Ranar 2 ga Oktoba ƙasar ta zama mai cin gashin kanta, ba kuɗi, ba ma'aikata ƙwararru. Seku Ture ya ga cewa in ba zai iya ba mutane tituna da asibitoci nan take ba, zai iya ba su abin alfahari. Makaɗan zamani na Konakiri a lokacin kiɗan rawar Faransa da na Kyuba suke kwaikwaya a gidajen rawa. Gwamnati ta rushe waɗannan ƙungiyoyi masu zaman kansu, ta kafa tata ta ƙasa a 1959, sannan ta ce kowace jiha ta kafa tata. Ta sayo jita da ƙahoni da ganguna da lasifika ta rarraba. Sharaɗin ɗaya ne: a koma ga waƙoƙin gargajiya na ƙauyuka, a ɗora su a kan kayan zamani.

Beyla tana can kudu maso gabas, kusa da iyakar Kwaddebuwa, tafiya mai nisa daga babban birni. A 1961 gwamnan yankin, Emile Konde, ya tattara samarin da suka iya kiɗa ya kafa ƙungiyar garin. A farko ba su bambanta sosai da na Grimethorpe ba, mutanen gari ne masu sana'o'insu, suna kiɗa a wurin rawa da taron hukuma. Babban mawaƙinsu, Abubakar Demba Kamara, kafinta ne da neman aiki ya kai shi Beyla. Mai jita, Seku Diyabate, ɗan gidan maroƙan Mandinko ne, ya tashi cikin kiɗa tun yana ƙarami. Wani Ba'amurke, Leo Sarkisian, wanda daga baya ya shahara a Muryar Amurka da shirin kiɗe-kiɗen Afirka, shi ya fara ɗaukar su a faifai, a wannan lokacin ne kuma suka ɗauki sunan rafin Bembeya da ya ratsa garin. Su ma gasa ce ta fito da su, domin gwamnati ta shirya bikin al'adu inda jihohi ke karawa. Suka zo na ɗaya a 1964, suka sake a 1965. A 1966 aka ɗaga su zuwa matsayin ƙungiyar ƙasa, aka kwashe su zuwa Konakiri, aka sa su a jerin masu albashi.

Nan hanyoyin biyu suka rabu. Ladan cin gasa a Ingila kofi ne da 'yan kuɗi, a hau mota a koma ƙauye, Litinin a koma bakin aiki. Ladan cin gasa a Gini shi ne a raba ka da garinku. Shekara biyar kacal Beyla ta yi da ƙungiyarta. Haka aka yi wa ƙungiyar Horoya ta Kankan bayan wasu shekaru. Duk garin da ya yi renon gwanaye, babban birni ne ke cin moriyarsu.

Amma fa in ana maganar kiɗan kansa, ba na jin akwai gardama: abin da Bembeya ta yi ya fi girma. Albashi ya ba su abin da leburan mahaƙa ba shi da shi, wato lokaci. Kullum suna gwaji, kullum suna wasa, sun je Kyuba sun ji yadda ake harhaɗa ƙahoni a can, sun dawo sun narka shi cikin nasu. Saurari yadda jita biyu ke saƙa a waƙoƙinsu, ɗaya tana riƙe da zare, ɗaya tana ratsawa, za ka ji balafon ne aka mayar kan waya. Seku Diyabate yana iya tsinke sauti ɗaya ya bar shi yana rawa a iska, sannan ya zubo da goma a jere kamar ƙanƙara, ƙahoni su amsa masa gaba ɗaya. A kan wannan duka muryar Demba take hawa, mai kauri, mai ɗan gurnani, ta mutumin da ya yarda da abin da yake faɗa. Da aka dawo da ƙasusuwan Almami Samori Ture daga Gabon a 1968, inda Faransawa suka kai shi bayan sun kama shi a 1898 ya rasu a can a 1900, gwamnati ta nemi makaɗa su yi masa waƙa. Bembeya ta ɗauko tsohuwar waƙar maroƙa ta Keme Burema, ƙanin Samori kuma sarkin yaƙinsa, ta shimfiɗa ta ta cika faifai gaba da baya, fiye da rabin awa, da mai ba da labari da Faransanci, da balafon a tsakiyar kayan lantarki. Sunan faifan Regard sur le passé. Kafin shi ba a saba jin ƙungiyar rawa ta ɗauki tarihi ta rera shi haka ba, bayansa kuwa makaɗan Mali da Sanigal sun bi sahu. Mali ma tsarin Gini ɗin ta ɗauka, na ƙungiyar kowace jiha da gasar ƙasa.

Badujalar Ingila ba ta da irin wannan ƙirƙira a jininta. Abin da wani ya rubuta take busawa, kuma shekaru da yawa abin bai wuce kiɗan maci da waƙoƙin majami'a da guntayen manyan kiɗe-kiɗen Turai da aka sauya musu riga ba. Gasa tana koyar da tsabtar busa, tana kuma koyar da tsoron kuskure. Grimethorpe tana cikin 'yan kaɗan da suka yi ƙoƙarin fasa wannan ƙwarya. Bayan ta ci gasar ƙasa a 1970, ta ɗauko Elgar Howarth a 1972 ya zama madugunta, shi kuma ya roƙi marubuta kiɗan zamani su rubuta mata sabon abu. Harrison Birtwistle ya rubuta mata wani a 1973 ya sa masa sunan ƙauyen, a 1974 kuma ita da Black Dyke suka busa a bikin Proms na Landan, dandalin da a da ba a ganin 'yan badujala sun isa su hau. Wannan abin yabo ne. Duk da haka ba za ka ji busa ka ce wannan muryar Grimethorpe ce ita kaɗai ba, yadda daƙiƙa biyar ta jitar Seku ta isa ka san ko wane ne.

Gwamnatin Gini ta kuma yi abin da ƙauye ya kasa. Tun 1961 Gini take da ƙungiyar makaɗa ta mata zalla, jandarmomi, waɗanda daga baya aka sani da Amazones, mata na busa ƙaho suna kaɗa jita a gaban jama'a. Grimethorpe kuwa sai a cikin wannan ƙarni mace ta sami kujera ta dindindin a cikinta. Abin jama'a yakan gaji kyawawan halayen jama'ar, ya gaji taurin kansu ma.

Mu a ƙasar Hausa wannan rabe-raben ba baƙo ba ne. Muna da makaɗan fada, irin su Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, waɗanda ci da sha da sutura da doki duk daga ubangida suke, muna kuma da makaɗan sana'a, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Kowa ya san fasahar da fada ta haifar, kowa kuma ya san iyakar abin da makaɗin fada zai iya faɗa. Bembeya makaɗan fada ne, fadar kuwa jam'iyyar Seku Ture ce, PDG. Sun yi wa jam'iyya waƙa, sun yi wa soja waƙa, sun yi wa shugaba waƙa, waƙar Samori ma kowa ya san inda ta dosa, tunda Seku Ture yana cewa shi jinin Almami ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma wannan ubangida hannunsa da jini. A barikin Boiro da ke Konakiri mutane masu ɗimbin yawa suka mutu. Fodeba Keita, wanda ya kafa ƙungiyar rawa ta Ballets Africains, ya kuma riƙe manyan muƙamai a gwamnatin, an kama shi a 1969 ba a sake ganinsa ba. A 1976 aka ɗora wa Fulanin Futa Jalon laifin ƙulla makirci, aka kama Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Lokacin da Bembeya ke tashe a bikin FESTAC a Legas, farkon 1977, ana ta yaba yatsun Seku Diyabate, Telli yana kulle a Boiro, kuma a ranar 1 ga Maris ya mutu bayan an hana shi ci da sha. Ban ɗora wa makaɗan alhakin wannan ba, mutanen da aka ba jita ne a ƙasar da ƙin karɓa ke iya kai mutum kurkuku. Sai dai ba zan iya sauraron waƙoƙin yabon nan kamar ban san abin da ke faruwa a bayan katanga ba.

Kada kuma a ɗauka Grimethorpe ba ta da ubangida. Tana da shi. Daga 1947, da aka mayar da mahaƙan kwal hannun gwamnati, hukumar kwal ta ƙasa ce mai mahaƙar, kuma sanannen abu ne a manyan badujaloli cewa in ana son gwanin busa daga wani gari, sai a samo masa aiki a kamfanin, sau da yawa mai sauƙi, a sama ba a cikin rami ba, a riƙa sakinsa in za a tafi wasa. Ba haka kawai ƙauye ɗaya zai tara gwanaye 25 ba. Bambancin shi ne kamfani bai taɓa zama shi kaɗai ne mai abin ba, bai kuma taɓa gaya musu abin da za su busa ba. Badujalar da kamfani ke taimaka wa ita ce ke shiga gaban tutar ƙungiyar ƙwadago ranar gangami, ita ce ke raka gawar wanda rami ya rufta wa. Akwai wani kiɗan makoki da wani mai haƙar kwal, Robert Saint, ya rubuta bayan bala'in Gresford na 1934, inda mutum 266 suka halaka, har yau in aka busa shi a taron shekara na masu haƙar kwal a Durham tsofaffi cire hula suke yi.

Yajin aikin 1984 ya tashi ne a kan shirin rufe mahaƙai 20, aka fara daga Cortonwood, maƙwabciyar Grimethorpe. Firayim Minista Margaret Thatcher ta shirya masa, ta tara kwal, ta tara 'yan sanda. Arthur Scargill, shugaban ƙungiyar masu haƙar kwal, ɗan yankin Barnsley ne. A ƙauyukan Yorkshire an yi hunturu ba albashi, mata suna dafa abinci a tukunya ɗaya don gari duka, maza suna tsintar kwal a juji ana kama su. A farkon Maris 1985 suka koma aiki ba tare da sun sami komai ba, a garuruwa da yawa kuma badujala ce ta shige gaba, tuta a sama, suka taka har bakin rami. Daga nan aka shiga rufe mahaƙai ɗaya bayan ɗaya. Ranar 13 ga Oktoba 1992 minista Michael Heseltine ya ba da sanarwar rufe wasu 31, da ayyukan mutum 30,000, Grimethorpe tana ciki. Ranar 17 ga watan ne ake gasar ƙasa a zauren Royal Albert da ke Landan. Mabusan, waɗanda da yawansu suka san aikinsu ya ƙare, suka hau dandamali ƙarƙashin Frank Renton, 'yan jarida sun cika wurin. Alƙalan da ke cikin rumfa, waɗanda lamba kawai suke da ita, suka ba su maki 99 cikin 100. Suka ɗauki kofi. A 1993 aka rufe mahaƙar.

Abin da ya biyo baya a ƙauyen ba daɗin faɗa. Aiki ya tafi, shaguna suka rufe, gidaje suka zama kango, ƙwaya ta shigo, har wani binciken Tarayyar Turai a 1994 ya sa shi a matsayin ƙauyen da ya fi kowane talauci a Ingila. Badujalar kuwa ba ta daina gwaji ba. Fim ɗin Brassed Off na 1996, wanda aka gina a kan labarinta, ita kuma ta busa kiɗan cikinsa, ya kai sunanta ƙasashen da ba su san kwal ba. Wani kamfanin haƙar kwal mai zaman kansa ya ɗauki nauyinta na wasu shekaru, da shi ma ya janye ta koma dogaro da kuɗin wasa da gudummawa. Ta ci gasar ƙasa a 2006 da 2007, ta busa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012, ta ci tsohuwar gasar nan ta Belle Vue a 2015, shekarar da aka rufe Kellingley, mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya.

Bembeya kuwa tun kafin 1984 ta sha bugu ɗaya mai tsanani. A watan Afrilun 1973 sun je wasa Dakar, motar da ta ɗauko Demba Kamara ta yi hatsari, ya rasu yana ɗan shekara 29 ko ƙasa da haka kaɗan. An yi masa jana'iza irin ta manyan ƙasa. Kujerarsa ba irin wadda ake tallar neman mai cikewa ba ce, sai da aka haɗa mawaƙa uku suka tsaya a inda yake tsayawa shi kaɗai, daga baya kuma matashi Sekuba Bambino ya shigo ya farfaɗo da su. Seku Ture kuwa, gab da rasuwarsa, da aljihun gwamnati ya bushe, ya sallami ƙungiyoyin ƙasa su ci da kansu, aka ba Bembeya gidan rawa nata. Mako guda bayan mutuwarsa soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Lansana Konte, suka buɗe Boiro, suka juya wa duk abin da ke da ƙanshin tsohuwar gwamnati baya. Kamfanin faifai na gwamnati, Syliphone, wanda ya fitar da manyan faya-fayai fiye da 80, ya mutu. Ƙungiyoyin jihohi suka watse kusan gaba ɗaya, domin ba wanda zai sayi wayar jita in ta tsinke, balle ƙaho. Bembeya ta yi 'yan shekaru tana yunƙuri, ta je Turai, ta ɗauki faya-fayai a Faris, amma mutum goma sha ba za su ci daga kuɗin ƙofa ba a lokacin da mai gidan rawa zai iya sa kaset, ko ya ɗauko yaro ɗaya da madannin lantarki. Bambino ya kama gabansa. Kafin a shiga shekarun 1990 sosai ƙungiyar ta yi shiru.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne daga inda ceto ya zo. Wani Bafaranshe mai shirya bikin kiɗa a Angoulême, Christian Mousset, shi ya tattaro tsofaffin, suka fitar da sabon faifai a 2002, mafi yawansa tsofaffin waƙoƙinsu ne da aka sake ɗauka, suka zagaya Turai da Amurka. Ƙungiyar da aka haifa daga a'ar da aka ce wa Faransa, a Faransa ta sake samun numfashi. Faya-fayan zare na gidan rediyon Konakiri kuma, da suke ruɓewa a ɗaki, wani ɗan Ostireliya ne, Graeme Counsel, ya zauna ya kwafe su da tallafin Laburaren Birtaniya, waƙoƙi fiye da 9,000. Ba rashin ƙauna ba ne daga mutanen Gini, har yau in aka sa waƙar Demba a biki dattawa tashi suke yi. Ba a taɓa ba su hanyar da za su riƙe abin da hannunsu ba ne. Ba kwabon kowa a ciki, ba kabad ɗin ƙahoni a Beyla da yaro zai je a ba shi aro, ba ƙaramar ƙungiya a ƙasa da za a ɗebo magada daga cikinta. Gasar ma ta gwamnati ce, ta tafi tare da ita.

A Ingila kuwa gasar ba ta kowace gwamnati ba ce, shi ya sa rufe mahaƙai bai rufe ta ba. Ɗaruruwan badujaloli suna nan, da yawa da ajin yara a ƙarƙashinsu, wasu har yau suna ɗauke da sunan ramukan da aka cike tuntuni, irin su Desford da Easington da Carlton Main Frickley. In mai busa ƙahon farko na Grimethorpe ya tafi, akwai goma a garuruwan kewaye da suka koyi karatun takarda iri ɗaya, za su zo gwaji.

Wannan ɗin ma da nasa farashin. Masu busa a Grimethorpe yau malaman makaranta ne, da ɗaliban kwalejin kiɗa, da ma'aikatan ofis, suna tuƙo mota daga nesa sau biyu a mako, su yi gwaji su koma. Mafi yawansu ba su taɓa shiga rami ba, ba kuma za su taɓa shiga ba, tunda babu shi. Akwai 'yan ƙauyen da ke ganin badujalar ta yi gaba ta bar su, tana yawon duniya da sunan wahalarsu, kuma ban ga laifin mai wannan ƙorafi ba. Ita ma ta yi nisa da garinta, a hankali, ba da takardar gwamnati ba. Sai dai ɗakin gwajinta yana cikin ƙauyen har yanzu, sunan mahaƙar yana jikin rigarta, kuma yaron Grimethorpe da ke son koyon busa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a garinsu, abin da ɗan Beyla ya rasa daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunan rafinsu tun 1966.